A Kwance Notin Man Giya Kafin A Taya

Ina so in yi magana a kan cinikin tsofaffin ƙananan tantan, watau taraktar nan ta hannu mai ƙafa biyu wadda manomi ke bi a baya yana riƙe da ƙahoninta. Wani zai ce me ya haɗa mai sayar da hatsi da ƙarfe? Kuɗinmu ne ya haɗa mu. Mu ke ba manoman Kura da Bunkure da Garun Malam kuɗin aiki tun kafin shuka, a kan su biya da shinkafa in an yi girbi. In tantan ta tsaya ana tsakar gyaran gona, ruwan da aka sako daga Tiga ba ya jiran bakanike, iri ya wuce lokacin dashe, bashinmu kuwa ya kwana.

Ra'ayina shi ne, kuɗin tsohuwar tantan a giyarta yake. Amma ku duba yadda ake cinikin. A tada inji, a saurari ƙararsa, a dubi hayaƙi, a ce madalla, a shiga tayi. Alhali kuwa injin shi ne mai sauƙin magani. Mafi yawansu ƙirar Sin ne, irin su Dongfeng, fistin ɗaya mai shan gas, ƙarfin doki 12 ko sama kaɗan, ɗan'uwan wanda ke jan injin niƙa a unguwa, kuma duk bakaniken da ya iya wancan ya iya wannan. Giyabos fa? Sai an sauke ƙafafu, an buɗe cikinsa, an je neman haƙorin da ya dace, a samu ko a rasa.

Ga yadda ƙarfin ke tafiya, domin wanda bai sani ba. Inji na juya bel, bel na juya kuloci, daga kuloci sarƙa ta kai shi cikin giyabos, sa'an nan ya rabu zuwa ƙafafu biyu. Irin ta Dongfeng giya 6 gare ta na gaba, ribas 2. Ba ta da sitiyari. Hannu biyu ne a jikin ƙahonin, wanda ka matse sai ƙafar wannan gefen ta saki, tantan ta karkata can.

Mu a Dawanau ba mai sayen buhu don kyan samansa, sai an soka ƙarfe an ga abin da ke gindi. To notin da ke ƙarƙashin giyabos shi ne gindin buhun. A sa a yi aiki da ita ta ɗan ɗumama, a kwance notin kaɗan, a tari man a kwano. In ya fito fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, kuma wannan shi ne ciwon tantan ɗin fadama: tana wuni cikin taɓo har gindi, karan shinkafa ya naɗe a sandar ƙafa ya yanke robar da ke tare mai, wadda makanikai ke kira sil, mai ya fita, ruwa da yashi su shiga su ci boris. A zura maganaɗisu cikin man. Garin ƙarfe mai laushi kaɗan ba kome, tsufa ne. Amma in ka ga gutsattsari kamar tsakin gero, haƙori ne ya ɓare, ka janye tayinka. In kuwa an kwance noti ba abin da ya zubo sai giris mai kauri, lalle an cusa shi ne don a kashe kukan giya har a karɓi kuɗi.

Sa'an nan a gwada ta da kaya, kada a yarda da gwajin fili. A sa garma a ƙasa ko a ɗaura tirela da buhuna, a bi giya ɗaya bayan ɗaya har ribas. Giyar da ke fita da kanta in nauyi ya hau, ko dai ɗan sifirin da ƙwallon da ke riƙe ta sun gaji, wannan aikin yini ɗaya ne, ko kuwa bakin haƙoran ya side, wannan kuwa aikin kuɗi ne. Na ga wadda aka ɗaure sandar giyarta da robar tayar keke, mai ita yana cewa wai don kada ta yi rawa!

Amma kada mu zalunci mai kaya. Akwai aibin da ke da ban tsoro a kunne, alhali ba a bakin kome yake ba. Inji na ruri tantan na jan jiki, sau da yawa bel ne ya saki, ko mai ya taɓa kuloci. Giya na gurzawa in za a sa, a fara duba ko kuloci na saki sosai, gyaransa ɗaure noti ne. Ƙwanƙwasa daga akwatin sarƙa, sarƙar ce ta miƙe. Tana fizga gefe ɗaya, a dubi wayar hannun juyawa da sifirinsa kafin a zargi giyabos. Mai saye da ya san wannan zai samu kaya mai kyau da araha, inda wani ya gudu.

Ga wanda ya riga ya saya kuwa, maganar gajeriya ce. Man giya lamba 90, ko abin da littafin tantan ɗin ya ce, a zuba har ya kai bakin ramin awo, kada a wuce, domin mai in ya yi yawa shi da kansa ke tura sil. Baƙin man da aka juye daga mota ba man giya ba ne, ya riga ya ƙone, cike yake da datti, arharsa tsada ce. A canja mai bayan kowane aikin fadama. A cire karan da ya naɗe a ƙafa kullum da yamma. A tsokace ɗan ramin iska na saman giyabos in laka ta toshe shi. Kuma a gaya wa yaran da ke tuƙi cewa wannan ba mota ba ce, ba a canja mata giya tana tafe, sai an ja kuloci ta tsaya cak. Wasu haƙoran da suka ɓare hannun yara ne.

Yanzu ga abin da nake roƙo a wurinku, ya ku dillalai. Ku ne amanar mai saye da mai sayarwa, kuma kun sani ɓoye aibi ba ya halatta a ciniki. Ina ganin a mai da shi al'ada: ba a taya tsohuwar tantan sai an kwance noti a gaban shaidu, mai saye ya biya kuɗin sabon man da za a mayar, a kuma rubuta a takardar ciniki giyar da ke fita da sil ɗin da ke yoyo. Za a ce wannan zai rage la'ada. Zai rage ta wani ciniki, ya ƙara ta wani, domin tantan da aka ga cikinta lafiya ta cancanci kuɗi fiye da wadda aka yi wa sabon fenti. Mu kuma masu ba da kuɗin noma, kafin mu ƙirga wa manomi kuɗi mu tambaye shi wane ne zai yi masa aikin gona, kuma yaushe rabon da a canja wa tantan ɗinsa man giya.

Haza wassalam.