Wasiƙa Zuwa ga Matasa Masu Ƙungiyoyin Jita

Ƙannena masu kiɗan rok,

 Hannunku ya faɗa, wannan ba na musu. Kuna yin abin da mu a zamaninmu ko a mafarki ba mu taɓa yi ba. To, yabo ya ƙare nan.

Wata takardar talla ce ta tayar mini da hankali. Ƙungiya ce ta mutum huɗu da na sani tun suna aron ganga, amma sai ga hoton mai waƙa shi kaɗai, sunansa ɓaro-ɓaro, sauran ukun an dunƙule su a ƙasa da "da yaransa". Yaransa! Da na bincika, ashe rabon kuɗin ma kashin dankali ne.

Ku da kuke kwaikwayon rok ɗin gefe, wanda ya taso daga ƙananan kamfanoni da gidajen rediyon jami'o'i, ku dubi R.E.M. Samari huɗu ne suka haɗu a garin Athens na jihar Jojiya a Amurka, a 1980. Tun farko suka yi alkawari: kowace waƙa sunaye huɗu za ta ɗauka, Berry, Buck, Mills, Stipe, ko wa ya ƙirƙiro ta, kuma kaso daidai wa daida. Michael Stipe ne mai murya, shi duniya ta sani, amma bai ɗara mai ganga da ko sisi ba a haƙƙin waƙa. Da mai gangar, Bill Berry, ya yanke jiki ya faɗi a dandali a Lozan a 1995, ya kuma bar kiɗa ya koma noma a 1997, ba su naɗa kowa a gurbinsa ba. 'Yan haya suka riƙa ɗauka, har suka rabu lafiya a 2011, bayan shekara 31.

Su The Smiths na Mancesta fa? An kafa a 1982, an watse a 1987. Morrissey mai waƙa da Marr mai jita kowa kashi 40 cikin ɗari na kuɗin faifai da wasa, mai ganga da mai jitar bas kowa kashi 10. Ƙarshenta mai gangar, Mike Joyce, ya maka su a kotu, kuma a 1996 alƙali ya ce kashi 25 ne haƙƙinsa. Waƙoƙi masu daɗi, zumunci ya mutu a gaban lauyoyi.

Na san amsarku: ai Shata ma sunansa kaɗai ake kira. Haka ne, amma Shata bai taɓa ce wa masu kalangunsa shi da su ɗaya ba. Uban gida ne, kowa ya shiga da saninsa. Ku kuwa kun ce ƙungiya, kun ci gari da ƙuli a kwano ɗaya, sai da kuɗi suka shigo aka tuna wane ne mai murya. Wannan cin amana ne, ba wani suna gare shi ba.

Ni ma na buga ganga shekara shida a bayan wani. Ranar da faifanmu ya fito, na juya bangon gaba da baya ina neman sunana. Har yau kaset ɗin yana cikin akwatina, ban sake saka shi ba.

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi, tsufa ne. Roƙona dai ku zauna yanzu, tun aljihu yana wayam, ku rubuta rabon a takarda, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Mai tallar nan kuma, ya sake bugawa da sunaye huɗu. Ni zan biya kuɗin bugun.

Naku,
Wani tsohon mai ganga