Mu Gyara Ƙananan Madatsun Ruwanmu Kafin Damina

Edita,

Ka taimake ni da ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi kira ga 'yan'uwana manoma da masu ƙananan sana'o'i a kan madatsun ruwa na ƙasa da ke ƙauyukanmu.

Jama'a, kowa ya san amfanin ɗan dam. Inda yake, matasa ba sa tafiya cin rani. Tumatir, albasa da tattasai su fito, mai jaki ya samu dako, mai tuwo ta yi ciniki ranar kasuwa, shanu su sha ruwa har bazara. Marigayi Audu Baƙo ya ga wannan tun yana gwamnan Kano, shi ya sa aka gina Tiga, wadda aka kammala a 1974, da wasu da dama.

To amma fa dam ɗin ƙasa ba dutse ba ne. Kowace damina ruwa yana kwaso rairayi da laka ya zube a ciki, ramin ya cike, har ruwan ya ƙafe tun kafin albasa ta ƙosa. Gafiya da gara suna huda ganuwar, saiwar bishiya tana tsaga ta, shanu suna tattake ta, wasu kuma har shuka suke yi a kanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba mu manta da ɓallewar Bagauda a watan Agusta 1988 ba, ga ta Alau da ta cinye Maiduguri a Satumba 2024. In manya sun ɓalle, ina ga namu ƙanana?

Shawarata ita ce kada mu zauna jiran gwamnati. Dagatai da masu unguwanni su kira gayya da rani a yashe dam, a kai lakar gona tunda taki ce. A cike ramuka, a sare itatuwan kan ganuwa, a dasa ciyawa, a share hanyar da rarar ruwa ke fita, a ware wa dabbobi mashaya. Duk mai injin ban-ruwa ya riƙa ba da ɗan abu bayan girbi don asusun gyara.

Su kuma ƙananan hukumomi, don Allah su taimaka da katafila da injiniya mai duba ganuwa kafin ruwan farko.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Wani manomin rani, Jihar Kano.