Cokulan Kakana Ba Azurfa Ba Ne, Amma Kada A Sayar

Bara da kakana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, aka buɗe tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe don rabon gado. A ƙasan riguna sai ga wani ƙunshi a tsumma: cokula goma sha biyu, da cokula masu yatsu goma sha biyu, duk sun yi baƙi amma da nauyi. Kakana ya yi aikin kuku a gidan wani Bature kafin mulkin kai na 1960, shi ne ya bar masa su da zai koma gida. Nan da nan gidanmu ya ɗauka azurfa ce. Baffana har ya fara lissafin babur.

Ni aka ɗora wa ƙunshin muka tafi wurin wani tsohon maƙerin farfaru. Ya juya bayan cokali guda, ya ɗan goga bakinsa da magagari, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ruwan azurfa ne aka yi musu. Ko na narka su babu abin da zan samu." Tun daga ranar Baffa yake cewa Bature ya cuci tsoho, a kai wa 'yan gwangwan su auna a kilo a huta. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

A bayan kowane cokali akwai haruffa huɗu, EPNS. Da muka dawo makaranta na nuna wa malaminmu na kimiyya, ya ce ma'anarsu farin ƙarfe da aka lulluɓe da azurfa ta hanyar lantarki. Shi farin ƙarfen haɗi ne na jan ƙarfe da tutiya da nikel, babu ko ɗigon azurfa a cikinsa. Watau maƙerin cokalin bai ɓoye kome ba, ya buga gaskiyarsa a jikin kayan, mu ne ba mu iya karantawa ba. Azurfa ta ainihi a Ingila hoton zaki mai tafiya ake buga mata, ko lamba 925, wadda ke nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Dabarar kuwa tana da tarihi. A da, sai attajirai da 'yan sarauta ke cin abinci da cokalin azurfa. Wajen 1743 wani maƙerin wuƙaƙe a garin Shafil, sunansa Thomas Boulsover, ya gano cewa in aka ɗora fallen azurfa a kan jan ƙarfe aka gasa, sai su manne, a iya murza su tare kamar ƙarfe ɗaya. Aka yi kusan shekara ɗari ana haka. A 1840 George Elkington da ɗan'uwansa Henry, a birnin Bamingam, suka yi rajistar hanyar lantarki, ba da daɗewa ba kamfanin Christofle na Faransa ya sayi izinin amfani da ita. Daga nan akawu da malamin makaranta da mai otal suka sami halin shimfiɗa tebur irin na manya.

Mun gwada irin wannan a ɗakin gwaje-gwaje da mabuɗi da batir da ruwan jan ƙarfe, mabuɗin ya fito ja wur. Na azurfa ma haka yake, sai dai ruwan nasa yana da guba mai kisa. Ana rataya cokali a waya ɗaya, sandar azurfa a ɗayar, a tsoma su a ruwan, a saki wuta. Azurfa tana zagwanyewa kaɗan kaɗan daga sandar tana kwanciya a jikin cokali. Amma kafin a kai nan an sha aiki. An yanko siffar cokali daga fallen ƙarfe, an murza wajen bakin ya yi faɗi, an danne shi tsakanin hatimai biyu ya yi zurfi zanen ya fito, an goge kaifin gefe, an wanke shi tas, don ko maiƙon yatsa ya taɓa shi azurfa ba za ta kama wurin ba. Masu aikin kirki har sukan ƙara kauri a gadon bayan cokali, inda yake gogar tebur. Cokulan kakana sun fi shekara 60, har yau ba wanda ya lanƙwashe. Na ɗakin cin abincinmu kuwa, 'yan'uwana ɗalibai sun sani, tuwon ranar Talata kaɗai ya ishe su.

To, me ya sa ba su da kuɗi a kasuwa? Azurfar ba ta da yawa, kaurinta bai kai na silin gashi ba. Jamusawa sukan buga lamba 90 a nasu, ma'ana giram 90 na azurfa aka raba wa cokula 12 da masu yatsu 12, kowane ɗaya bai sami giram huɗu ba ke nan. Wahalar ɓare ta sai ta cinye ribar. Ga shi kuma tun da Harry Brearley ya fito da ƙarfe marar tsatsa a Shafil a 1913, mutane suka koma ga cokalin da ba ya bukatar goga. Mai ruwan azurfa kuwa ko ƙwai aka ci da shi sai ya yi duhu. Abin da masu sayen tsofaffin kaya ke nema shi ne cikakken jeri mai zane iri ɗaya, da sunan kamfanin da aka sani, wanda bai goge ba har ƙarfen ciki ya leƙo. Warwara su ɗaya-ɗaya, ko auna su tare da tsofaffin tukwane, shi ne mafi muni a ciniki.

Inda cuta take shi ne wajen mai sayarwa. Na taɓa ganin wani ɗan gwanjo yana manna maganaɗisu a jikin irin cokalin nan yana cewa, "Hajiya, kin gani bai kama ba, azurfa ce." Ai farin ƙarfe ma maganaɗisu ba ya kama shi. Mu kanmu muna da laifi wajen sakin baki, tun da kwanon da ba shi da haɗi da azurfa ko kaɗan muke kira kwanon silba. Ina roƙon iyayenmu mata, kafin su biya kuɗin azurfa, su juya bayan cokali su duba.

Na san Baffa yana da iyali da bukatu, kuma gado hakkinsa ne, ni yaro ne ba ni da ta cewa a rabo. Amma abin da 'yan gwangwan za su bayar ba zai sayi ko tayar babur ba. Wani abokina ya ce mini kayan mulkin mallaka ne, me za a yi da su? Ni ba Baturen nake gani a jikinsu ba. Kakana nake gani, wanda ya shekara goma yana goge su kowace Asabar, bai taɓa zama ya ci da ko ɗaya ba.

Shawarar da na aika wa Gwaggo a wasiƙa ita ce a bar su a babban gida, a riƙa fito da su ranar Salla da ranar suna, a wanke da sabulu da ruwan ɗumi, a share da tsumma mai laushi. Na ja layi biyu a ƙarƙashin maganar toka da yashi, don na san halinta da darza kwanuka. Ta aiko cewa ba za a taɓa su ba sai mun zo hutu.