Kibiyar Maharbi da Hukuncin Abin da Ta Kashe

Duk wanda ya zauna da dattawan maharban ƙasar Muri, ko a Jalingo ko a ƙauyukan gindin duwatsun Mumuye, zai ji suna kokawa cewa samari sun mai da kibiya kayan koli, a saya a kasuwa a zuba a kwari, ba a san wanda ya sari kyauronta ko maƙerin da ya bugi bakinta ba. Ni kuwa ina ganin kokawar tasu tana bisa hujja, domin al'amarin ya shafi halal da haram tun kafin ya shafi gwaninta.

Kibiyar kirki daga kyauro take farawa, wanda ake sara bayan ya ƙosa, a shanya shi har ya bushe, a miƙar da shi a kan garwashi sannu a hankali, sa'an nan a naɗe gindinsa da jijiya don kada tsirkiya ta tsaga shi, a naɗe kuma inda ƙarfe ya shiga. Da yake kibiyar ƙasarmu ba a sa mata gashin tsuntsu, nauyin ƙarfen ne yake jan ta zuwa inda aka nufa, shi ya sa maharbi yake ɗaura kan burtu ya yi sanɗa har ya kusanci nama. Wanda kuwa ya ɗauki ƙarfen da ya dace da gada ya tunkari gwanki ko ɓauna, masu kaurin fata da ƙashi, iyakarsa ya raunata dabba ta tafi ta mutu a rukuki bayan kwanaki cikin azaba, babu mai cin moriyarta sai ungulu.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba. Hadisin Adiyyu bin Hatim ya rarrabe tsakanin abin da makami ya huda da tsininsa, wanda ake ci, da abin da ya buge da faɗinsa, wanda ya zama mushe. Muhtasar na Halilu kuwa, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya hana cin abin da aka harba da makami mai dafi idan ba a tabbatar ko raunin ne ya kashe shi ko dafin ba, sai fa an riske shi da rai an yanka. A nan ne nake saɓa wa masu cewa dafin ƙwanƙwani, wanda yake tsai da zuciya, yana rufe aibin kowace kibiya: ya kan ka da nama, gaskiya ne, amma ya kan bar mai iyali cikin shubuha game da abin da ya sa a tukunya.

Namun dawa kuma sun yi ƙaranci ƙwarai, har tun shekarar 1991 aka keɓe dajin Gashaka Gumti, mafi girman gandun daji na ƙasa a Nijeriya, aka haramta farauta a cikinsa, kuma wajibi ne a kiyaye wannan doka. A inda aka yarda a yi harbi, ina roƙon kowane Sarkin Baka ya riƙa duba kwarin yaransa kafin su shiga daji, ya fitar da karkatacciya da dakusasshiya, ya kuma tura su wurin maƙeran da suka rage su koyi aikin tun masu shi suna raye.