Filin 'Yan Mata: Kuɗin da Yaya ta manta da su a ƙasan adaka

 A wannan fitowar ku yi mini afuwa, na ɗan jingine wasiƙunku na soyayya a gefe, saboda wani abu ya faru a gidanmu wanda na ga in na yi shiru ban ba ku labarinsa ba to na ci amanarku. Maganar kuɗi ce. Na san wata har ta taɓe baki, ta ce ina ruwan budurwa da wannan, ai aikin maza ne. To ƙanwata ki dai gyara zama ki saurara, don Yayata ma haka ta taɓa faɗa.

Yayata wadda nake bi ta fara aikin akawu a wani kamfani mai zaman kansa a nan Kano a shekarar 2007. Ta yi shekara biyar tana aiki, da aure ya zo a 2012 maigidan ya ce ya hutar da ita, ta rubuta takarda ta ajiye. Zama ya yi daɗi, Allah ya ba su yara uku. Kwatsam a 2023 Allah ya yi masa rasuwa bayan doguwar jinya da ta lashe duk abin da suka tara, har 'yan kunnenta na gwal sai da aka sayar. Da ta gama takaba ta dawo gida da marayunta, ga kuɗin makaranta, ga tsadar abinci, ga Baba ya tsufa.

Ranar wata Asabar muna zazzage adakarta muna ware zannuwan da za a ba dillaliya, sai na ci karo da wata tsohuwar ambulan a can ƙasa. Na buɗe na ga takarda da sunanta, da wata doguwar lamba da ta fara da haruffan PEN.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta ce, "Ke rabu da ita, ta wajen aikinmu ce ta da. 'Yan kuɗin fanshon da ake yanka mana ne, ai sun bi ruwa tun da na bar aikin."

Na ce, "Wallahi Yaya ba su bi ruwa ba, jibi Litinin sai ki shirya mu fita."

Ga abin da ya sa na yi wannan rantsuwar. A shekarar 2004, zamanin Obasanjo, aka yi dokar da ta canja tsarin fansho a Nijeriya. Aka ce kowane ma'aikacin gwamnatin tarayya da na kamfanoni zai buɗe asusu da sunansa, duk wata a yanki wani abu daga albashinsa, mai aikin ma ya ƙara nasa, a zuba a ciki. A lokacin da Yaya take aiki kashi 7.5 cikin ɗari ake yanka mata, kamfani ya ƙara wani 7.5. A 2014 aka sake dokar, ya koma kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aikin. Kuɗin ba a hannun kamfanin da kike wa aiki suke zama ba, wani kamfanin fansho ne mai lasisi yake juya su, wani kuma daban yake riƙe da su, sannan hukumar PenCom tana sa musu ido. Lambar nan kuwa taki ce har abada. Ko kin bar aikin, ko kin koma wani, ko kamfanin ya rushe, asusun yana nan da sunanki. Ma'aikatan wasu jihohi, kamar namu na Kano, nasu tsarin daban ne, sai su nemi bayani a ofishin fanshon jiharsu.

Ranar Litinin muka hau adaidaita sahu muka nufi ofishin kamfanin fanshon, riƙe da takardar, da lambar NIN, da hotuna, da kwafin takardar ajiye aikinta wadda Allah ya sa ba ta yar ba. Aka sabunta bayananta, aka bugo mata takardar lissafi. Ƙannena, da Yaya ta ga adadin da ke ƙasan takardar sai kawai ta nemi kujera ta zauna, hawaye ya ɓalle mata. Shekara goma sha biyu ba ta zuba ko kwabo ba, ba ta ma tuna da su ba, amma kuɗin nan suna can ana juya su, ribar bara tana haihuwar ta bana, har suka ninka abin da aka yanka mata.

Sai dai ba zan ɓoye muku abu biyu da suka rage mana murna ba. Na farko, da muka bi takardar wata-wata, mun ga watanninta na ƙarshe a wajen aikin an yanka a albashi amma ba a zuba ba. Doka ta ce mai aiki ya zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, in ya ƙi akwai tara a kansa. Amma wa zai bi haƙƙin wadda ba ta taɓa duba takardarta ba? Na biyu, kuɗin sun ƙaru a lissafi, amma naira ta rame. A 2012 dala ɗaya wajen naira 160 ce, a 2024 ta haura 1,500, kuma a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. To ku auna, in wadda aka juya wa kuɗinta ma ta ji a jikinta, ina ga wadda ta ƙulle nata a bakin zane ko ta tura ƙarƙashin katifa?

An gaya mana cewa tun da ba ta kai shekara 50 ba, ba za a ba ta duka ba, amma wanda ya rabu da aiki ya wuce wata huɗu bai sami wani ba yana da damar karɓar kashi 25 cikin ɗari. Ta cike takardu aka biya ta. Ta sayi keken ɗinki da na surfani, ta biya wa yara kuɗin zango. Ragowar ta nemi a mayar mata da su asusun da ba ruwansa da kuɗin ruwa, wanda PenCom ta fito da shi a 2021, ana ce masa asusu na shida. Kuma ku sani tun daga Nuwambar 2020 in kamfanin fanshonki bai gamsar da ke ba, kina iya komawa wani sau ɗaya a shekara.

To, kun san halin unguwa. Kafin kwana uku labari ya zaga cewa Yaya ta yi kuɗi. Sai ga wata maƙwabciyarmu ta yi sallama da waya a hannu, wai akwai wani kamfani a intanet, ki zuba dubu hamsin bayan wata guda ki kwashi dubu ɗari, ita har ta ci sau biyu. Na ga idon Yaya ya fara ƙyalli. Na ce, "Yaya, kin manta da MMM? A Disambar 2016 suka rufe da kuɗin mutane, har yau wasu ba su farfaɗo ba." Irin waɗannan babu wata sana'a da suke yi, kuɗin 'yan baya suke ɗauka su biya 'yan gaba, ranar da sababbin shiga suka yi ƙaranci sai a wayi gari babu kowa. Haka CBEX ta yi wa dubban mutane a Afrilun 2025. Ita ma maƙwabciyar tamu, Allah sarki, nata bai kai ƙarshen shekara ba, har da kuɗin adashin mutane da ke hannunta. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Da ɗinki ya fara kawo ɗan canji, Yaya ta tambaye ni, to in mutum yana son ya ajiye wani abu don gaban yaran nan, ina zai sa? A nan ne nake son ku buɗe kunne.

Hannun jari shi ne ki mallaki ɗan yanki na kamfani, in ya ci riba a ba ki rabonki, in ya faɗi a faɗi da ke. Matsalar ita ce zaɓe. Ki ɗauka an kai ki Kantin Kwari an ce ki nuna shagon da zai fi kowane albarka nan da shekara ashirin, ta yaya za ki sani? Ko 'yan kasuwar kansu ba su sani ba. To amma da za a haɗa kuɗinki da na mutane dubu, a sayi ɗan yanki a kowane babban shago na kasuwar, kin huta da canke. In wani ya karye wani zai tashi, ke dai duk inda kasuwar ta nufa nan kika nufa. Wannan shi Turawa ke kira indeks fand, ni kuwa asusun bin-sahu nake ce masa, don sahun kasuwa kawai yake bi.

Wani Ba'amurke mai suna John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard, shi ya fara buɗe wa talakawa irin wannan asusu a 1976, yana bin manyan kamfanoni 500 na Amurka. Dariya aka yi masa, ya nemi dala miliyan 150 ya tashi da wajen miliyan 11. Hujjarsa ita ce tun da ba sai an ɗauki ƙwararru masu tsada suna canke ba, ladan kula da asusun zai zama kaɗan. Daga baya attajirin nan Warren Buffett ya ƙalubalanci masu juya kuɗin manya, aka sa dala miliyan ɗaya a kan a gwada na shekara goma, daga 2008 zuwa 2017. Asusun bin-sahun da ya zaɓa ya ƙaru da wajen kashi 126 cikin ɗari, na ƙwararrun kuwa wajen kashi 36. Kuɗin da ya ci ya ba wata ƙungiyar tallafa wa yara mata ta garinsu Omaha.

Kada ku raina maganar ladan nan. Ga misali na lissafi kawai, ba alkawari ba. A ce kin zuba naira 100,000, kasuwa tana ba da kashi 10 duk shekara, kika bar su shekara 30. In mai kula da asusun yana yankar rabin kashi ɗaya a shekara, za ki tashi da wajen naira 1,520,000. In kashi 2 yake yanka, wajen 1,006,000 za ki samu. Kun ga sama da rabin miliyan ya tafi a abin da ko lura da shi ba ki yi ba. Don haka tambayar farko da za ki yi wa duk mai son riƙe miki kuɗi ita ce, nawa kuke cira a shekara?

A nan gida ma akwai irinsa a kasuwar hannun jari ta NGX. A 2014 aka fito da Vetiva Griffin 30 mai bin manyan kamfanoni 30, sai dai a cikinsu akwai bankunan kuɗin ruwa da kamfanin giya. A shekarar kuma aka fito da Lotus Halal, wanda ke bin kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idar Musulunci. Sannan akwai Sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, wanda ake iya shiga da naira 10,000. Ba talla nake wa kowa ba, na faɗa ne don ku san abin da za ku tambaya.

Kuma kada wata ta ce Anti ta ce babu asara. Akwai. Daga Maris na 2008 zuwa farkon 2009 kasuwar hannun jarin Nijeriya ta zube da wajen kashi biyu cikin uku, waɗanda suka ci bashin banki suka saya su ne suka fi kowa kuka. Saboda haka kuɗin makaranta, da na haya, da na kayan ɗakin da za a saya baɗi, ba su da hurumi a can. Kuɗin da za ki iya kawar da kai daga gare su shekara biyar zuwa goma su ake sawa, kaɗan-kaɗan duk wata, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Kafin nan ma ki fara tara na ko-ta-kwana, abin da zai riƙe ki wata uku in rana ta ɓaci. Kuma kada ki miƙa wa kowa ko sisi sai kin duba sunansa a jerin masu rajista na hukumar SEC.

Ke kuma 'yar makaranta da ba ki kai 18 ba, asusun ƙasa ko na katako ya ishe ki farawa. Ki rage daga kuɗin tara, da na kitso ko ƙunshin da kike yi ranar hutu, in sun taru ki roƙi Umma ko Abba su buɗe miki asusu. Masu sana'ar hannu ma tun 2019 aka buɗe musu ƙofar yin fanshon kansu. In kuma saurayi ya ce zai hutar da ke aiki, to madalla, amma takardunki da lambarki ki adana su inda kike adana gwal ɗinki. Anko ɗaya da kika haƙura da shi a shekara ba zai hana biki yin armashi ba.

Ga aikin gida na ba ku. Yau da daddare kowacce ta tambayi Umma, ko Gwaggo, ko Yaya da ta taɓa aikin albashi, ina lambar fanshonta? In akwai mamaci a gidan da ya taɓa aiki, a binciko takardunsa, don magada suna da haƙƙin karɓa in sun kai takardar kotu, haka ma tsofaffin takardun hannun jari da ribarsu da ba a karɓa ba. Ita Yaya yanzu duk ƙarshen wata takan ware ɗan abin da ya samu ta zuba, babbar 'yarta ce ma take rubuta mata lissafin a bayan littafin awon ɗinki.

Duk wadda ta tono wani abu a adakar gidansu ta rubuto mini, zan buga a fili na gaba tare da amsoshin wasiƙunku da na jingine. Allah ya sa mu dace, ya yi wa nemanmu albarka, amin.

Taku har kullum,
Antinku.