Gidan Ɗan Hausa: Me ya hana tsohon gidan Bature jawo wa Kano masu yawon buɗe ido?

A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Sai dai hawa abu ne na 'yan kwanaki, sau biyu a shekara, kuma a 2024 da 2025 an ga yadda rikicin masarauta ya sa aka dakatar da shi. Wannan ya sake tayar da tsohuwar tambaya: idan baƙo ya zo Kano ba a lokacin Sallah ba, ina za a kai shi?

Cikin wuraren da ake fara ambata akwai Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nassarawa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take.

Wane ne Ɗan Hausa?

Sunansa Hanns Vischer. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, daga baya ya zama ɗan Birtaniya. Da aikin mishan ya fara shigowa Arewa, sannan ya koma aikin gwamnatin mulkin mallaka a Borno. A 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Borno tare da ayari.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, shi aka ɗora wa nauyin kafa ilimin boko a Arewa. A 1909 ya buɗe makaranta a Nassarawa, inda aka koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna. A 1912 kuma ya wallafa ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Iya Hausarsa ne ya sa Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa, sunan da ya bi gidan har yau.

Ke nan duk mai karanta wannan rubutu a wayarsa yana da alaƙa da gidan, ko bai taɓa taka ƙofarsa ba.

Gidan Bature, aikin Kanawa

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne ginin ba na Turai ba ne. Ginin ƙasa ne irin na Hausa: bango mai kauri da ke riƙe sanyi a lokacin bazara, rufin azara, ɗaurin guga a cikin soraye, da zanko a saman gini. Bature ya zauna a ciki, amma fasahar ta maginan Kano ce.

Wannan batu yana da muhimmanci saboda akwai masu ganin cewa kashe kuɗi a kan gidan jami'in mulkin mallaka tamkar karrama waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi ne. Damuwarsu tana da tushe. Makarantar Nassarawa ba don kowa aka buɗe ta ba. Burin Turawa shi ne samun ma'aikatan da za su tafiyar musu da mulki ta hannun sarakuna, kuma bokon da aka ɗaukaka shi ne ya ture ajami daga ofisoshin gwamnati.

Amma rushe gini ko barinsa ya lalace ba ya goge abin da ya faru. Hujjar kawai yake ɓatarwa. Ghana ba ta rushe kurkukun bayi na Elmina da Cape Coast ba, sai ta mayar da su wuraren da ake faɗin gaskiyar abin da aka yi, kuma su ne ƙashin bayan shirinta na jawo 'yan asalin Afirka mazauna ƙetare a 2019. Abin lura shi ne labarin da ake ba mai ziyara, da kuma wanda ke ba da shi.

Ina matsalar take?

Ta farko ita ce damina. Ginin ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka, kowace shekara. Aiki ne da ba ya cin kuɗi kamar sabon gini, amma ba ya jiran a saki kasafi a ƙarshen shekara. Idan aka yi sake ruwa ya shiga rufi, azara ta ruɓe, gyaran ya zama sake gini. Ga kuma ƙarancin magina masu wannan sana'a, domin matasa sun koma bulo da siminti. Shafa wa bangon ƙasa siminti kuwa yana tare danshi a ciki, ya ci ginin a ɓoye.

Ta biyu ita ce darajar fili. Nassarawa na cikin unguwanni mafi tsadar fili a Kano, kuma doka kaɗai ba ta isa kariya ba. A Legas, an rushe Ilojo Bar a 2016 duk da cewa yana cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. A Kano ma kowa ya ga yadda gine-gine suka cinye sassan badala, wadda ke jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007. Zungeru, hedikwatar Arewa kafin Kaduna, kango ne ya rage na yawancin gine-ginen Turawa.

Ta uku ita ce tunanin cewa ɗan yawon buɗe ido sai Bature. Matsalar tsaro ta rage zuwan baƙi daga ƙetare, kuma ba a san ranar da za su dawo da yawa ba. Kasuwar da ke hannu ita ce ta gida: ɗaliban firamare da sakandare, masu nazarin Hausa a jami'o'i, 'yan kasuwar da ke zuwa Kwari da Kurmi daga Nijar da Chadi, da matasan da ke neman wurin ɗaukar hoto.

Me za a iya yi?

Ba sai an jira biliyoyi ba. Ana iya haɗa gidan da Gidan Makama, Dutsen Dala, marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi a zagaye guda na yini ɗaya, da tikiti ɗaya. Cikas ɗin shi ne Gidan Makama na ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya, Gidan Ɗan Hausa kuwa na jiha ne, don haka sai sun zauna tare.

Ana kuma buƙatar bayanai a rubuce da Hausa, boko da ajami, ba Turanci kaɗai ba, da sanya lokutan buɗewa da kuɗin shiga a intanet yadda mai waya zai gani kafin ya fito. Sannan a ware wani kaso na kuɗin shiga don yaɓen shekara, a ba maginan gargajiya aikin tare da yaran da za su koya.

Gidan ya haura shekara 100 yana tsaye saboda ana yaɓe shi. Ko zai kai wa jikoki ya danganta ne da abin da aka yi kafin damina mai zuwa.