Wiwi da cin abinci: abin da ya kamata iyaye su sani

 A wannan makon za mu duba wata magana da ta yaɗu a bakin matasa, wai tabar wiwi tana buɗe ciki, har ramamme ya yi ƙiba. Batun ya shafi gidaje da yawa, domin binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya.

Gaskiya ne wiwi tana sa yunwa. A cikinta akwai sinadarin da ake kira THC, shi ne mai bugarwa. Jikin ɗan Adam yana da nasa sinadarai masu kama da shi, waɗanda ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta san lokacin ci da lokacin ƙoshi. Idan THC ya shiga jini, sai ya je ya mamaye gurabensu, ƙwaƙwalwa ta riƙa cewa ana jin yunwa alhali ciki a cike yake. Yana kuma ƙara wa abinci ƙanshi da ɗanɗano. Shi ya sa za ki ga yaro ya ci tuwon dare tare da kowa, amma ƙarfe ɗaya na dare yana kicin yana dafa Indomie, ko ya tashi da biredin karin kumallo. Abin da ransa ke so shi ne zaƙi da maiƙo da gishiri, waɗanda ba su gina jiki. Ga mai ciwon suga kuwa, wannan ci na tsakar dare haɗari ne babba.

To, ana samun ƙibar? Manyan binciken da aka yi a Amurka ba su nuna masu shan wiwi sun fi sauran jama'a ƙiba ba. Abin da ke faruwa shi ne, idan mutum ya daɗe yana sha kullum, jiki yakan saba, har ya kai ba ya jin daɗin abinci sai ya busa. Kuɗin abinci ya tafi wajen dila, karin kumallo ya wuce shi yana barci. Wasu kuma bayan shekaru sukan kamu da amai mai tsanani da ciwon ciki da ke tafiya yana dawowa, ba sa samun sauƙi sai sun yi wanka da ruwan zafi. Likitoci a Ostireliya ne suka fara bayyana wannan larura a 2004, kuma maganinta na dindindin shi ne barin wiwi.

Wani zai ce ai likitoci ma suna amfani da ita. Akwai magani mai suna dronabinol da Amurka ta amince da shi a 1985 don aman masu shan maganin ciwon daji, sannan a 1992 don masu cutar ƙanjamau da suka kasa cin abinci. Amma wannan awo ne ƙayyadadde a hannun likita, ba ganyen da ake naɗewa a takarda ba, wanda ba a san ƙarfinsa ko abin da aka gauraya masa ba.

Iyaye mata, a kula da wani abu. Yanzu ana zuba wiwi a kek da biskit da zoɓo, kuma hukumar NDLEA ta sha kama masu irin wannan sana'a. Wadda aka ci ba ta bugarwa nan take, takan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a biyu, sai mutum ya yi ta ƙari. Idan ƙaramin yaro ya ci wani abu ya yi laushi, ko ya kama barcin da ba a iya tayar da shi, a garzaya asibiti tare da ragowar abin.

Idan ɗanka ya yi niyyar bari, ka sani a kwanakin farko zai ƙi abinci, ya kasa barci, ya yi ta faɗa. Abin ya fi tsanani a makon farko, yawanci ci yakan dawo cikin mako biyu. A ba shi kunu, faten wake, ayaba da ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Kada a sayo masa "sha ka fashe" a kemis, kumburi yake sawa, ya kuma jawo suga da hawan jini. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Yaba, Aro da Barnawa suna duba masu wannan matsala.

Cin dare kaɗai ba hujja ba ce, matashi mai tasowa dama akwai ci. Sai in ya haɗu da jan ido, bushewar baki, ɓatan kuɗi da sababbin abokai. A nan ma a fara da zama da shi cikin natsuwa, kafin a kai ga faɗa.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.